Rasit Biyu, Suna Ɗaya: Daren da Na Gane Yadda Java Ke Loda Kilas

Wajen ƙarfe sha ɗayan dare saƙon ya fito a allon kwamfutata: ClassCastException, wai ba za a iya mayar da Rasit ya zama Rasit ba. Rasit kilas ne a manhajarmu ta Java, wato tsarin da ke fayyace bayanan da kowane rasit zai ɗauka. Sau uku na karanta. Suna ɗaya, fakiti (rukunin da kilas ke ciki) ɗaya, ko harafi guda bai bambanta ba.

Manhajar wani shagon sayar da magani muke ginawa, kuma mun ɗora ta a kan Apache Karaf, dandalin gudanar da manhaja mai aiki da OSGi, tsarin da ke raba manhajar Java ɓangare-ɓangare. Abin da ya ja hankalinmu shi ne a iya cire wani ɓangare a sa sabo ba tare da an kashe manhajar ana tsakiyar ciniki ba. Ba sabon tsari ba ne, tun 2004 Eclipse, manhajar rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ya koma kansa a sigarsa ta 3.0. Muka raba aikin ƙunshi-ƙunshi (bundle, kamar yadda OSGi ke kiran kowane ɓangare): na sayarwa daban, na buga rasit daban, suna aika wa juna saƙo mai ɗauke da Rasit ta EventAdmin, hanyar isar da saƙo ta OSGi.

Da dabara ta ƙare mini, sai na sa kowane ɓangare ya nuna mini getClassLoader na Rasit ɗin da ke hannunsa, wato mai lodin da ya shigo da kilas ɗin cikin manhaja. Layi biyu suka fito, kowanne da tasa lambar. Nan idona ya buɗe.

A wurin Java suna kaɗai bai isa a gane kilas ba, sai an haɗa da mai lodin da ya shigo da shi. Kamar a unguwa ne: in ka ce Musa, sai a tambaye ka, Musa na gidan wa? A OSGi kuwa kowane ƙunshi da nasa mai lodin. Ni kuma, don saurin gama aiki, na kwafi fayil ɗin jar mai ɗauke da Rasit na zuba a cikin ƙunshin sayarwa, na sake zuba shi a na bugawa. Kowane gida ya haifi nasa Musan ke nan.

Kafin in gane haka na ɓata kusan awa biyu a kan DynamicImport-Package mai alamar tauraro, layin da ke ba ƙunshi damar janyo kowane fakiti daga waje lokacin da ya buƙace shi, wai ko zai haɗa su. Bai taɓuka komai ba, kuma da dalili: sai ƙunshi ya duba abin da ya shigo da shi ta Import-Package, ya duba cikin kansa bai samu ba, sannan yake waiwayar wannan layin. Tun daga ranar ba na yarda da tauraron nan. Ko inda ya yi aiki, ɓoye maka yake wanda ya dogara da wa, ranar da abu ya lalace ba ka san ta inda za ka fara ba.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Na ware Rasit a ƙunshi na uku, na bayyana fakitinsa a Export-Package, sauran biyun suka karɓa ta Import-Package. Rubuta MANIFEST.MF, fayil ɗin da waɗannan layukan ke ciki, da hannu ma na daina, na bar wa bnd, manhajar da ke samar da shi da kanta.

Bayan mako biyu sai ga kuskuren ya dawo, ranar da na ƙara wa Rasit gurbin rangwame. Na yi bundle:update, umarnin sabunta ƙunshi, a kan ƙunshin Rasit da na sayarwa, ban taɓa na bugawa ba. Ashe shi yana nan riƙe da tsohon kilas ɗin, domin OSGi ba ya ƙwace wa ƙunshi abin da yake amfani da shi sai an ce a sake ɗaura igiyoyin. Abokin aikina ya leƙo allon ya ce, "Malam, ka yi bundle:refresh kuwa?" Ban yi ba. Wannan ne umarnin sake ɗaura igiyoyin. Ina rubuta shi, ƙunshin bugawa ya tsaya na ɗan lokaci ya sake tashi, firinta ta turo rasit ɗin gwaji da rangwamen naira 200 a ƙasansa.