Abin da ɗakin duba marasa lafiya ya koya mana game da ƙaiƙayin fatar yara a Kano

Matsalar farko ita ce suna. Idan likita ya ce "egzima", uwa takan ɗauka kyasbi ake nufi, ta wuce kemis a ba ta maganin kyasbi. Alhali ciwon da muke kira atofik damatayitis daban ne: fata ce da ba ta iya riƙe danshi, tana bushewa tana tsagewa, kuma sau da yawa akwai mai asma ko yawan atishawa a dangi. Ba ya yaɗuwa kamar ƙazuwa.

Littattafan likitanci suna cewa a duba jan fata. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ka gani shi ne wurin ya yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri saboda susa, musamman lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, a jarirai kuma kumatu. Wanda ya tsaya jiran ja zai raina ciwon.

Inda aka fi faɗuwa shi ne mai. Yaron da ciwon ya bazu a jikinsa yana buƙatar giram 250 zuwa 500 na man shafawa marar turare a mako, ko da Vaseline ne. Iyaye kuwa ƙaramar kwalba ɗaya suke lallaɓawa wata guda, kuma ban ga laifinsu ba, tsada ce. Wanka ya zama na minti 5 zuwa 10 da ruwan ɗumi, ba soso, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti. A tsane jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa man cikin minti uku. Da hunturu sai an ƙara, kuma a sa rigar auduga a ƙarƙashin suwaita. Zufar watan Afrilu ma tana tayar da shi.

Sai sitiroyid, wato man magani da ake shafawa don kwantar da kumburi da ƙaiƙayin fata. Wasu suna tsoronsa, wasu kuma sun shafe watanni suna shafa wa fuskar jariri man nan mai haɗin magani uku, mai ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol ko betamethasone, har fatar ta yi siriri ta yi fari. Fuska sitiroyid marar ƙarfi, wato hydrocortisone kashi 1 cikin 100, take so. Awo kuwa: abin da aka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram, ya ishi faɗin tafin hannun babba biyu. A gwada wa uwa da hannu.

Kada a sallame ta ba a faɗa mata cewa ciwon yana lafawa ne ya dawo ba, in ba haka ba za ta ce maganin asibiti bai yi ba. In ɓawo ya fito ruwan zuma yana tsatsa, ƙwayar cuta ta shiga. In kuma ƙananan ƙuraje masu rami suka fito tare da zazzaɓi, a kai yaron asibiti a ranar, don acyclovir, maganin ƙwayar cutar bairas, yake buƙata.