Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Layyar Shekarar Dawar Regan

Makon jiya mun tsaya inda Baba ya sayar da jakinmu a kasuwar Sinnar, ya dawo da hatsin da bai kai rabin buhu ba. To haka muka lallaɓa har aka shiga 1985. Sa'o'ina a Sudan ba sai an tuna musu ba. Daminar 1984 ta ƙi, mutanen Kurdufan da Darfur suka watse, wasu har suka yada zango a Muwailih, bayan Umdurman. A watan Afrilu aka hamɓarar da shugaban ƙasa Numairi, Janar Suwar Dahab ya hau. Mu yara ba ruwanmu da wannan, abin da muka sani shi ne dawar agajin da ta zo daga Amurka, wadda kowa ke ce wa Regan, sunan shugaban Amurka na lokacin. Inna ta ce ba ta tuƙuwa kamar tamu ta gida. Amma ta tuƙa, mun kuwa ci.

Ƙauyenmu yana bakin Shuɗin Nilu, ba nisa da Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Kakanmu daga baya ya zo, da ƙafa daga ƙasar Kano, da niyyar hajji. Ya tsaya tsintar auduga a Jazira don ya tara guzuri, aure ya ƙarasa zaunar da shi. Kogin nan ne ya rufa mana asiri a shekarar yunwa, da ɗan kifi da kuɓewar lambun bakin ruwa.

Babbar Sallah ta faɗo ƙarshen Agusta, tsakiyar marka. Ruwa ya sauka yadda ake so, dawa ta yi kore shar, amma rumbu fayau. Duk manomi ya san wannan lokacin ya fi kowane tsanani: kana kallon abinci a gona, ba ka da ikon taɓa shi.

Dabba ɗaya ta rage mana, wani rago da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Baba ya ja shi har ƙofar liman. Malam ya shafa bayansa, ya girgiza kai, ya ce ramammen da ba ɓargo a ƙashinsa ba ya layya, kamar yadda mai ido ɗaya da gurgu da mara lafiya ba sa yi. Ya ƙara da cewa layya sunna ce a kan mai hali, kada ya matsa wa kansa. Mai kantin ƙauyen ya aiko cewa in Baba na so a ba shi kuɗin rago a kan shel, ya biya da dawa da kaka. Wanda bai san shel ba, bashi ne da ake yanke maka farashin amfanin gonarka tun yana tsaye, a wulaƙance, ranar girbi ka auna wa mai kuɗi kana kallo. Baba ya ce a gode masa. Har yau ina ganin wannan ƙin da ya yi ya fi ragon wuya, don ya san mu yara za mu fita mu tarar da jini a ƙofar wasu.

Da aka gaya wa kakarmu Hajja, ko a jikinta. Ta ce, "Ni ba rago nake jira ba, mutanena nake jira." Tun farkon fari 'ya'yanta da jikokinta suka bazu neman abin kai wa baka, ga shi ba waya, sai dai saƙon baki a wurin direban lori.

Ranar jajibere Goggo ta tsallako daga Suki a kwalekwale, kogi ya cika ya batse, ruwan ja wur. Babban wana ya iso daga Madani inda yake sayar da agashe, wato tsire, da ƙullin sukari da ganyen shayi. Baffa ne shiru. Yana can Gadarif yana noman ƙwadago a manyan gonakin dawa da riɗi, ya aiko cewa zai zo, amma baƙar ƙasar wajen in ta sha ruwa lori ma durƙusawa take yi.

Aka yi Idi, liman ya yanka nasa, aka shiga gida gida ana neman gafara, babba ya ce wa yaro ya yafe masa, yaro ya ce wa babba haka. Maƙwabta suka aiko mana da nama a kwano. Hajja ta ce a ba yara, ita sai ta ga ɗanta.

Sai washegari bayan magariba muka ji sallama. Ga Baffa, laka har gwiwa, yana janye da rago mai ƙaho, wanda ya karɓa a madadin ladan aikinsa. Motar ta kafe, shi ya sa ya ƙarasa da ƙafa, wani wurin ma sai da ya saɓa ragon a kafaɗa. Ya miƙa wa Baba igiyar ya ce, "Yaya, na ba ka halak malak, ka yanka mana." Wana har ya ɗauko wuƙa, Baba ya ce a'a, ba a layya da dare, kuma muna da sauran gobe har faɗuwar rana. Na kwana ina leƙa turke.

Da hantsi aka yanka. Maƙwabtanmu Larabawa suna cin marara, wato kayan ciki, ɗanya da albasa da lemun tsami da barkono, amma a gidanmu Hajja ba ta yarda ba, sai an gasa hanta. Inna ta soya nama irin wanda ake kira shayya, Goggo ta zuba kisra, wato siririyar gurasar dawa. Kafin kowa ya sa hannu Baba ya ware cinya guda, ya aike ni da ita wurin wasu baƙi 'yan yammacin Sudan da suka kafa bukkoki a bakin gari. Na kai, amma fa da ƙyar ƙafata ta tafi. Fatar kuma, tunda ba a sayar da komai na layya, aka shanya ta aka yi wa Hajja buzu.

Bayan la'asar Hajja ta sa aka tara mu a tsakar gida. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna, kowa ya amsa, ta ce alhamdu lillahi. Da ta zo kan ɗiyar Goggo wadda ƙyanda ta ɗauke da rani, ta kira sunanta ita ma, ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Wanda ya ba mu ya karɓa, alhamdu lillahi." Goggo ta rufe fuska da mayafi. Daga nan Baba ya yi addu'a, ya roƙa wa mamata gafara, ya roƙa wa gona albarka, aka shafa. Sai a lokacin Hajja ta ce a kawo mata nata naman.

Da dare ina kwance na ji Baffa yana ce wa Baba idan riɗi ya isa yanka ana neman hannu sosai a Gadarif, ya ba shi ni mu tafi tare. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ashe Inna ma ba ta yi barci ba. Abin da ta ce da asuba, da yadda aka yi na hau lori karon farko, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.