Godiya ga Ma'aikatan Gonar Koyar da Noma da Suka Karɓe Mu

Assalamu alaikum. A madadin ni kaina da sauran 'yan ƙungiyarmu, ina miƙa godiya ga shugabanni da ma'aikatan gonar koyar da noma da muka kai wa ziyara. Yabon gwani ya zama dole. Da yawanmu mun zaci taraktoci da manyan injuna za a nuna mana, mu ɗauki hoto mu dawo. Ashe kusan duk abin da ke gonar nan, ƙaramin manomi mai fartanya zai iya yin sa da abin da ke hannunsa, kuma a kan wannan ne godiyata ta fi yawa.

Malamin gonar da ya zagaya da mu bai cika mu da surutu ba. Ya tsayar da mu tsakanin fili biyu, ɗaya an rufe shi da kara da busasshiyar ciyawa, ɗaya a buɗe, ya ce kowa ya tura hannunsa. Ƙasar buɗaɗɗen filin zafi zau, ta bushe kamar toka. Ta ƙarƙashin ciyawar kuwa sanyi da danshi, har da tana tana motsi. Rana ɗaya ce ke dukansu, ruwa ɗaya suka sha. Malam, Allah ya ƙara basira.

Daga nan ya nuna mana ramukan shuka da ake kira “zai”, dabarar da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da ita har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ana haƙa ramin tun da rani, a zuba taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka sai ya nitse maimakon ya gudu. Bai ɓoye mana ba cewa haƙan akwai cin baya, musamman a ƙasa mai tauri. Mun kuma ga masarar da aka shuka wa wani ganye dangin wake a tsakanin layuka, aka kewaye ta da ciyawar giwa. Ganyen yana korar ƙwaron da ke haifar da tsutsar kara, yana danne ƙuduji, ciyawar kuma ta ja ƙwaron zuwa gefe, daga baya a yanke ta a ba dabbobi. Masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Kenya ne suka fito da tsarin.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin ajiya. Baiwar Allahn da ke kula da shi ta kwance mana buhu biyu na wake. Na farko ya zama gari, ƙwari sai yawo suke a bakin buhun. Na biyu mai leda biyu ne a ciki da buhu a waje, irin wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Waken tas, 'yan ƙwarin da ke ciki sun mutu saboda rashin iska, ba a sa ko ɗigon magani ba. Ta sa kowannenmu ya gwada ɗaure bakin ledar da kansa, domin in iska ta samu hanya aikin ya lalace. A nan ne ƙididdigar da muke ji a rediyo ta zauna mini: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, Hukumar Abinci ta Majalisar, wato FAO, kuma ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da kasuwa. An sha wahala an noma, sannan ƙwaro ya cinye! Ni dai ina ganin masu alƙawarin kawar da yunwa kafin 2030 ba sa ba ɓangaren ajiya muhimmancin da ya kamata.

Wani abin da ba zan tsallake ba: sun kai mu har wani fili da gwajinsu bai yi kyau ba, suka faɗa mana abin da suke zargin ya jawo. Ba kowa ke nuna wa baƙo irin wannan ba.

Godiya ga matasan da ke koyon aiki a wajen, waɗanda suka yi haƙuri da tambayoyinmu, suka riƙa jiran dattawanmu in an yi nisa. Godiya ga direbanmu, da iyayen ƙungiya da suka ɗauki nauyin tafiyar. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a gonar.

Irin shukar da aka ba mu yana wajen sakatare, duk wanda ya yi rajista ya je ya karɓi nasa kafin ruwa ya sauka.