Asabar: gwajin gem ɗin ƙanina

Bayan la'asar ƙanina ya same mu a majalisarmu ta Zoo Road da gem ɗin da ya daɗe yana haɗawa shi kaɗai da Godot, manhajar haɗa gem, a tsohuwar laftof ɗinsa. Irin wasan nan ne na ka-yi-in-yi: kana da mayaƙa uku a fili mai gida-gida, ka matsar da naka, sannan abokan gaba su matsar da nasu. Ta Xender ya tura wa kowa, don kada a yi kukan data.

Duk wanda ƙanina ya tambaya sai ya ce, "Kai, ya yi! Allah ya ƙara basira." Kara ce kawai irin tamu ta Kanawa. Ni hannuwa nake kallo. Ana kaiwa mataki na uku sai in ga mutum ya kife waya ya koma hirar ƙwallo, kuma bakin nan da ya gama yabo bai ce komai ba.

Dattijon telan da ke gefenmu, gwanin dara ne, shi ya fasa ƙwan. Ya ce, "Yaro, a dara 'ya'yan abokin karawata goma sha biyu duk a gabana suke, in an ci ni na san inda na yi sake. Nan kuwa duka kawai nake sha, ban san ta ina ba."

Ƙanina ya ɓata rai. "Baba, ai in na nuna abin da za su yi, wasan ya mutu." Na ce masa bai mutu ba. Gem ɗin Into the Breach, wanda mutum biyu suka tsara ya fito a 2018, kafin ka motsa yake nuna maka gidan da kowane ƙwaro, wato abokin gaba, zai kai wa hari, a fili mai gida 8 sau 8, amma har yanzu gumi ake yi a kansa. Masu Slay the Spire, wani gem na kati, kuwa tun ƙarshen 2017 suka saki nasu bai kammala ba, suna duba katunan da 'yan wasa ke ɗauka da inda suke mutuwa, suna gyara har Janairun 2019.

Daga nan shawarwari suka ɓarke. Wani a sa bindiga, wani a cire jiran juna gaba ɗaya, wato a rushe gem ɗin a gina wani. Waɗannan ban ga amfaninsu ba. Ƙorafi biyu ne suka shiga kunnena: waya na zafi tana shan caji, sannan haruffan ƙ da ɗ suna fitowa akwati-akwati, don fon ɗin da ya zaɓa, wato salon rubutun, bai san da su ba.

Ya rubuta su a bayan takardar rasit. Maganar a ba mutum damar janye motsin da ya yi bisa kuskure kuwa ya ƙi sam, wai sangarta 'yan wasa ce. Muna cikin wannan musu aka kira magariba. Ya ce Asabar mai zuwa zai kawo sabo, kuma Baba tela ne zai fara bugawa.