Karen da ya ci sitirikinin: abin da na yi a awa ta farko

Ana tsakiyar zafin Afrilu a Sakkwato aka kawo mini kare mai kilo 18, ya ci naman da aka baɗe da guba. Ƙafafunsa huɗu sun miƙe kamar sanda, wuya ya lanƙwashe baya, amma idonsa biyu, yana bin mu da kallo. Nan na cire farfaɗiya daga lissafi. Wani ya buga ƙofa, sai jikin ya sake sandarewa. Alamar sitirikinin ke nan, gubar ƙwayar itacen Strychnos nux-vomica, wadda masana magunguna Pelletier da Caventou suka fara tacewa a Faransa a 1818.

A cikin laka akwai sinadarin gilaisin, shi ne birkin jijiyoyin da ke motsa tsoka. Idan ya hau mazauninsa a jikin jijiya sai ƙofar shigar sinadarin kuloraid ta buɗe, jijiya ta lafa. Sitirikinin yakan riga shi zama a wurin, ƙofa ta ƙi buɗewa, sai ƙara kaɗan ko taɓawa ta tayar da tsokokin jiki gaba ɗaya, har da na numfashi. A ciwon tetanus gilaisin ɗin ne ba ya fitowa. A nan yana fitowa, wurin zama ya rasa.

Babu makarin da ke ture gubar daga mazaunin, don haka ɗayan birkin, wato sinadarin GABA, ake takawa. Na rufe taga, na sa aka kashe janareta, na sallami 'yan kallo. Na ba shi dayazafam, maganin da ke ƙarfafa birkin GABA, ta jijiya, miligiram 0.5 a kowane kilo, na maimaita da ya sake sandarewa. Inda hakan bai riƙe ba sai fentobabital, maganin sa barci mai nauyi, tare da bututun numfashi a kusa. Ba a sa shi amai bayan jijjiga ta fara, zai shaƙe. Gawayin magani mai kama guba a ciki, giram 1 zuwa 2 a kowane kilo, sai da ya kwanta na ɗura ta bututu.

Kuskurena shi ne na manta da ma'aunin zafi. Tsokar da ke ta ɗaurewa wuta take haifarwa, ga kuma ranar Sakkwato. Ko da na auna zafin jikinsa ya haura digiri 41. Na jiƙa shi da ruwan randa, na ɗaura ƙarin ruwa don kada rugujewar tsoka ta toshe ƙoda, na daina sanyayawa da ya sauko 39.5. Sai bayan kwana biyu a ɗakin duhu na bari aka tafi da shi.