Alƙali ya ce shekara 3, takarda ta ce 5

Gidan yari ba ya jin muryar alƙali, takardar da aka buga wa hatimi kawai yake gani, da ita gandiroba ke ƙirga wa mutum kwanakinsa. Shi ya sa duk fayil ɗin ɗaukaka ƙara da ya zo hannuna, kafin in nemi inda alƙali ya kauce wa doka, sai na jera takardu uku a tebur: rubutaccen abin da aka faɗa a zaman kotu, takardar hukunci, da takardar da ta raka mutum gidan yari. Ina bin su layi-layi da kan biro.

Haka na gano matsalar wani matashi da nake tsaya wa. Laifi biyu aka same shi da su, ɗaya shekara 3, ɗaya shekara 2, kuma alƙali ya ce su tafi tare. Amma a takardar hukunci an buga cewa sai ya gama ɗaya ya shiga ɗaya. Watannin da ya yi a tsare kafin hukunci, waɗanda alƙali ya ce a cire masa, ko ambatonsu babu. Da na tambayi mahaifiyarsa, sai ta ce, "Barista, da kunnena na ji uku." Na ce, "Mama, kin ji daidai." Tun tuni take faɗa, babu wanda ya saurare ta, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wahalar ita ce an riga an ɗaukaka ƙara, kuma da zarar an yi haka hannun kotun ƙasa ya ɗauru a kan abin da ke gaban kotun sama. Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana wannan a shari'ar Griggs a 1982. Sai dai tuntuɓen alƙalami daban, sauya hukunci daban. A kotunan tarayyar ƙasar, ƙa'ida ta 36 ta shari'ar laifuka ta ba kotu damar gyara kuskuren rubutu a kowane lokaci, alhali ƙa'ida ta 35 kwana 14 kacal ta ba alƙali ya gyara kuskure bayyananne a cikin hukuncin kansa. A Ingila wa'adin da babbar kotun laifuka ke da shi na sake taɓa hukuncinta kwana 56 ne. A Amurka kuma, tun 1936, a shari'ar Wampler, aka soke wani sharaɗi da akawun kotu ya ƙara a takardar ɗauri, cewa mutum zai ci gaba da zama sai ya biya tara, domin alƙali bai faɗi haka ba.

Don haka buƙatar gyara da na rubuta wa kotun da ta yanke hukuncin ba ta wuce shafi biyu ba. Na nuna shafi da layin da alƙali ya yi magana, na ajiye shi kusa da abin da aka buga, na roƙi a daidaita su. Ban sako maganar tsananin hukunci ba ko kaɗan, na bar ta ga ɗaukaka ƙarar. Lauyan da ya cusa ƙorafi a cikin irin wannan takarda, shi da kansa ya ba kotu hujjar cewa ba ta da hurumi.

Kafin in shigar, na kai wa lauyan gwamnati ya gani. Ya karanta, ya duba nasa rubutun na ranar, ya ce ba zai ja ba. Na kuma sanar da kotun ɗaukaka ƙara, na nemi a haɗa gyararren hukuncin cikin kundin da ke gabanta, kada ta yi nazari a kan shekara 5 da babu su.

Alƙali ya sa hannu, amma aiki bai ƙare ba, don tsohuwar takarda na nan a ofishin ajiyar bayanai na gidan yari. Na karɓi kwafi mai hatimi da sabuwar takardar ɗauri na kai da kaina, na tsaya har jami'in ya sake lissafi ya rubuta sabuwar ranar fita a gabana.