Wata tara ina naɗar muryoyin masu shara a ƙarƙashin shirin tallafin ɗalibai

A shekarata ta 3 a jami'a na samu gurbi a wani shirin tallafi na ɗaliban digirin farko, wanda manufarsa ita ce a horar da mu amfani da kafofin yaɗa labarai da dabarun sadarwa wajen nema wa waɗanda ake danne wa haƙƙi adalci. Ana ba ɗalibi ɗan alawus da aron kayan aiki, wato kyamara da rakoda da kwamfutar tace hoto, a haɗa shi da malamin da zai sa ido a kan aikinsa, sannan a ba shi wata 9 ya kammala aiki guda a kan wata matsala ta gaske. Muna kuma haɗuwa sau ɗaya a mako domin karatu da tattaunawa.

Abin da ya ja ni neman gurbin shi ne bidiyon da Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ta ɗauka da wayarta a birnin Minneapolis na Amurka ranar 25 ga Mayu 2020, lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har rai ya yi halinsa. A takardar neman shiga na rubuta da ƙarfin hali cewa zan zama muryar marasa murya. A zamanmu na farko malamar da aka haɗa ni da ita ta ja layi a ƙarƙashin wannan jimla, ta ce mutanen da nake nufi sun daɗe suna magana tun kafin a haife ni, sauraronsu ne dai ba a yi. Daga nan ta tuna mini da bidiyon dukan da 'yan sanda suka yi wa Rodney King a Los Angeles a 1991, wanda duniya ta kalla, amma a watan Afrilu na 1992 kotu ta sallami 'yan sandan, bayan lauyoyinsu sun riƙa tsayar da hoton daki-daki suna ba kowane motsi fassarar da ta yi musu. Na ji maganar tata, amma a gaskiya ba ta shige ni ba sai bayan wata 4.

Aikin da na zaɓa ya shafi masu shara da goge-goge na harabar jami'ar, waɗanda wani kamfanin kwangila ne yake ɗaukarsu, saboda haka ba sa cikin jerin ma'aikatan makarantar. Suna fara aiki tun da duhu, kafin ɗalibi ya buɗe ido sun gama da azuzuwa, albashinsu yakan yi jinkirin wata biyu ko uku, kuma suna sarrafa sinadaran wanke banɗaki ba tare da safar hannu ba. Malamar ta hana ni taɓa kyamara a watanni biyun farko. Ina tashi ne kawai in je in gaishe su, in ɗauki bokiti idan an bar ni, in saurara. A nan na saba da wata dattijuwa da nake kira Inna, ita kuma tana ce mini ɗana, kuma ita ce ta fara yarda in naɗi hirarta.

Kuskuren da na yi ya zo ne a wata na 4, lokacin da masu shirin suka nemi kowa ya nuna inda ya kai. Na yanko daƙiƙa 40 daga hirar Inna, inda take bayyana yadda fatar hannunta ke tsagewa, na dusashe fuskarta, na ɗora a Instagram. Ina da takardar amincewa da ta sa wa hannu, don haka hankalina a kwance yake. Bidiyon ya yaɗu, abokai suna ta yabo, ni kuma ina jin na fara aikin da na zo yi. A rana ta uku mai kula da su ya gane ta. Bai sha wata wahala ba, domin kowane ma'aikaci yana da ginin da aka ba shi, barandar da ke bayanta kuwa ta fito sarai a hoton, ga kuma muryarta yadda take. Ba a kore ta ba, amma an mayar da ita wani sashe mai nisa inda aikin ya ninka. Na goge bidiyon nan take, sai dai magana zarar bunu ce, wasu sun riga sun sauke shi a wayoyinsu.

Da na je ba ta haƙuri, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, ka rufe mini fuska ka bar mini murya. Ai wanda yake kiran sunana kowace safiya da kunne yake sanina." Da muka ƙara magana na fahimci cewa lokacin da ta sa hannu a takardar, abin da ke ranta shi ne za a nuna hoton a aji, malamai su gani su ba ni maki. Takardar shafi guda ce da aka rubuta da harshen ofis, na karanta mata ita da sauri, kuma ban faɗa mata a fili cewa mai kula da su zai iya kallonta a wayarsa ba. A ganina yanzu, amincewar mutum tana tsayawa ne a iyakar abin da ya iya hangowa, kuma takardar ta fi kare ni da masu shirin fiye da yadda ta kare ta.

Malamar ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa ni karanta labarin tsibirin Fogo da ke lardin Newfoundland da Labrador na ƙasar Kanada. A 1967 gwamnati tana da shirin tayar da ƙananan garuruwan masunta a mayar da mutanensu wasu wurare, sai Colin Low na hukumar fina-finai ta Kanada, tare da Donald Snowden na Jami'ar Memorial, suka ɗauki gajerun fina-finai sama da 20 na mazauna tsibirin suna magana a kan rayuwarsu. Abin da ya bambanta aikin shi ne tsarin nunawa. Mutanen da aka ɗauka su ne suke fara kallo, kuma suna da ikon cewa a cire abin da ba su so. Bayan haka a zagaya da shi sauran ƙauyuka, inda jama'a suka gano cewa matsalarsu ɗaya ce, sannan a kai wa jami'an gwamnati, a naɗi amsarsu a dawo da ita. Masuntan sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, kuma har yau akwai mutane a tsibirin.

Wannan tsarin na bi a sauran watannin. Na riƙa tara masu sharar a wani aji da babu kowa bayan sun tashi aiki, in kunna musu abin da na tace, su ce a bar wannan a cire wancan. A nan ne na fi shan wuya, domin abin da suka fara cirewa shi ne wurin da na fi alfahari da shi, inda wata daga cikinsu ta fashe da kuka tana maganar 'ya'yanta. Na yi gardama cewa wannan ne zai taɓa zuciyar mai kallo. Wani dattijo daga cikinsu, wanda kowa ke kira Baba, ya ce su ba tausayi suka zo nema ba, kuɗin guminsu suke bi, kuma idan aka nuna su suna kuka za a ɗauke su mabarata. Sun kuma nuna mini abubuwan da ni ba zan taɓa lura da su ba, kamar launin tsintsiyar wani sashe, da wata kalma da mutum ɗaya kaɗai yake yawan faɗa, waɗanda kowannensu ya isa ya tona asirin mai magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙarshe muka amince wasu ɗalibai su karanta kalaman waɗanda ke tsoro, Baba kuwa ya ce a nuna fuskarsa, tunda ya kusa ajiye aikin.

Shi Baban ne ya fito da abin da ya zama ƙashin bayan fim ɗin, wato wani ɗan littafi da ya shekara 3 yana rubuta ranar da ya kamata a biya su da ranar da aka biya. Da na kai wa malamar hotonsa sai ta ba ni labarin Ida B. Wells, 'yar jaridar nan baƙar fata wadda gungun mutane suka lalata ofishin jaridarta a Memphis a 1892 saboda rubutunta a kan kisan gilla da ake yi wa baƙaƙe. A littafin da ta fitar a 1895 ta yi amfani da alƙaluman da jaridar Chicago Tribune ta fararen fata ta tattara, domin kada a ce ita ta ƙirƙira. Mu ma muka gwada kwanakin littafin Baba da saƙonnin banki da ke wayoyin waɗanda suka yarda, muka bar waɗanda suka dace da juna kawai. Hotunan hannuwa da na ɗakin ajiyar sinadarai su da kansu suka ɗauka da wayoyinsu, irin dabarar da Caroline Wang da Mary Ann Burris suka gwada da matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1990. Aikina a nan shi ne in cire bayanan wuri da lokaci da waya ke ɓoyewa a cikin kowane hoto kafin ya shiga kwamfutata.

Fim ɗin ya tsaya a minti 12, kuma ba mu ɗora shi a intanet ba. Masu sharar sun ce a nuna wa mutanen da ke sa hannu a kwangilar, tare da wakilan ɗalibai a matsayin shaidu, idan ba a ga canji ba sai a sake shawara. Haka aka yi. Na naɗi amsar jami'an da izininsu na dawo musu da ita, suka saurara sau biyu. Bayan makonni aka biya wani kaso na bashin, aka raba safar hannu, aka yi alƙawarin sa sharaɗin ranar biyan albashi a sabuwar kwangila, wanda har na bar shirin ba a kai ga sabunta ta ba. Inna kuma tana can sashen da aka mayar da ita.

Rahoton ƙarshe da ake cikewa yana da gurbin adadin masu kallo, ni kuma mutanen da suka kalli nawa ba su cika aji ɗaya ba, alhali wasu abokaina suna da dubbai. Na rubuta adadin yadda yake, na haɗa da shafi biyu a kan kuskurena, tare da shawarar cewa a riƙa neman amincewa sau biyu, kafin ɗauka da kuma bayan tacewa, da baki kuma da harshen da mutum ya fi ji. Na kuma ce ya kamata a ware wani abu ga waɗanda ake ɗauka, domin ni an biya ni alawus kuma aikin ya shiga takardar neman aikina, su kuwa lokacin hutunsu suka bayar kyauta, kuma su ne za su ci gaba da gaisawa da mai kula da su bayan na tafi.

A makon da zan mayar da kayan aiki na ba Baba kwafin fim ɗin, muka yi yarjejeniya a gaban sauran cewa ba zan nuna shi a ko'ina ba sai sun ce. Sannan na ɗauki kwamfutar na tafi har sashen Inna, na buɗe mata hirarta ta asali mai tsawon kusan awa ɗaya, na tambaye ta abin da take so a yi da ita. Ta saurari kamar minti biyar, ta yi dariya da ta ji muryarta, ta ce in goge. Na goge a gabanta, na nuna mata kwandon shara na kwamfutar, na share shi shi ma, ta ɗauki bokitinta ta koma bakin aiki.